Cinikin Pokémon Go da maganar cacar da aka ƙi tayarwa

Tun da aka sanar a watan Maris na 2025 cewa kamfanin Scopely zai sayi sashen wasanni na Niantic, har da Pokémon Go, wasan waya na kamun dodannin zane na Japan, a kan dala biliyan 3.5, nake bin abin da masu sharhi ke rubutawa, kuma yawancinsa ya ɓata mini rai. Scopely mallakin Savvy Games Group ne, shi kuma yana ƙarƙashin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, wato ƙasar da malamanta suka haramta Pokémon a 2001, aka kuma sake tayar da maganar fatawar a 2016 lokacin da wasan wayar ya fito. Maimakon a tsaya a tambayi me ya canja a cikin wasan, sai aka ɗauki cinikin a matsayin wata sabuwar shaida cewa al'adar Japan ta cinye duniya da lalama, har ma waɗanda suka fi ƙyamarta sun sallama.

Wannan labari na nasarar al'ada shi ne nake ganin ya kamata a daina maimaitawa ba tare da bincike ba. Wace al'adar Japan ce ta isa gidajen mutane ta hanyar Pokémon? Lokacin da aka kai shirin zanen Pokémon na talabijin zuwa Amurka a 1998, an canja sunan jarumin daga Satoshi zuwa Ash, an sauya wa galibin dodannin suna, kuma dunƙulen shinkafar da yaran Japan ke ci aka riƙa kiransa donat a bakin masu fassara, alhali yaro yana ganin shinkafa da idonsa. Masanin Japan Koichi Iwabuchi ya daɗe da bayyana cewa irin waɗannan kayayyaki ana cire musu ƙamshin al'ada da gangan domin su shiga kowace kasuwa. Gaskiya ne cewa Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiri Pokémon, ya samo tunanin wasan ne daga yarintarsa, lokacin da yake yawon kamun ƙwari a bayan garin Tokyo kafin gine-gine su cinye filayen, kuma ina girmama wannan asali. Sai dai abin da ya tsallaka teku shi ne kwaɗayin tarawa, an bar filayen da ƙwarin a gida.

Tun ranar 27 ga Fabrairun 1996 da wasan Pokémon na farko ya fito a kan Game Boy, na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Nintendo, aka gina shi a kan wannan kwaɗayi. An fitar da shi iri biyu, ja da kore, kowanne da dodannin da babu su a ɗayan, ta yadda yaro ba zai taɓa haɗa dukkansu da kwafi guda ba. Taken tallar da aka yi amfani da shi a Amurka umarni ne kai tsaye ga yaro cewa dole ya kama su duka. Dodannin sun fara da 151, yau sun haura dubu, kuma babu alamar za a tsaya, domin ranar da tarin ya cika ranar ce ciniki zai mutu. A watan Oktoban wannan shekara ta 1996 aka ƙara da katunan wasa, kuma a nan ne maganar ta fi tsanani: yaro yana biyan kuɗi ya karɓi ƙunshi a rufe, bai san abin da ke ciki ba, yana fatan ya dace da kati mai wuyar samu wanda darajarsa ta ninka abin da ya biya sau da yawa. Idan bai dace ba, ya sake saye. Duk mai hankali ya san sunan wannan ciniki idan babba ne ke yin sa a bayan kasuwa, kuma ban ga dalilin da zai sa sunan ya canja don kawai an zana Pikachu, ɓeran nan mai launin ruwan ɗorawa, a bayan ƙunshin ba.

Ba yau aka fara faɗin haka ba. Tun a 1999 wasu iyaye a Amurka suka shigar da ƙara suna cewa katunan caca ne, kodayake ƙarar ba ta yi nasara ba. Bayan shekaru, tauraron intanet Logan Paul ya biya sama da dala miliyan 5 a kan kati guda na Pikachu, kuma a 2021 kantunan Target sun dakatar da sayar da katunan a cikin shagunansu bayan rikici ya ɓarke tsakanin masu saye a jihar Wisconsin. Manya ne ke rububin, amma yara ne ke kallo suna koyon cewa takarda mai sheƙi hanyar arziki ce.

Abin takaici shi ne fatawar 2001 ta ambaci caca ƙarara, amma aka binne wannan hujja mai ƙarfi a ƙarƙashin maganar alamomin Yahudawa da ka'idar Darwin, aka kuma bar jita-jitar da ta bazu a ƙasashen Larabawa cewa sunan wai yana nufin "ni Bayahude ne". Sunan gajarta ne kawai na kalmomi biyu masu ma'anar dodannin aljihu, kuma duk wanda har yanzu yake yaɗa waccan ƙarya hidima yake yi wa kamfanin, domin ya ba shi damar ya nuna masu sukarsa a matsayin jahilai. Da aka yi dariyar jita-jitar, sai aka watsar da maganar cacar tare da ita.

Masu kare wasan suna cewa yana koya wa yara lissafi da abota, Pokémon Go kuma yana fitar da su tafiya a ƙafa; langa da ƙwallon unguwa ma suna yin haka ba tare da sun nemi sisin kowa ba. Kuma tafiyar ma ba kyauta ba ce, domin Niantic da bakinsa ya bayyana a 2024 cewa yana gina babbar taswirar duniya ta kwamfuta da hotunan wuraren da 'yan wasa suka ɗauka, wannan sashe kuma bai shiga cikin abin da aka sayar ba.

Hukumomin da suka duba irin wannan ciniki da idon basira ba su sha wahalar gane shi ba. A 2012 hukumar kare masu saye ta Japan ɗin kanta ta haramta wani salon wasannin waya da ke sa mutum ya yi ta biya har sai ya haɗa cikakken jerin kaya ta hanyar sa'a. A 2018 Beljiyam ta ayyana akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a cikin wasanni a matsayin caca, abin da ya sa Nintendo ya janye wasanninsa biyu na waya daga ƙasar a shekara mai bi. Duk da haka, a watan Oktoban 2024 aka fitar da sabuwar manhajar katunan Pokémon wadda ta mayar da yaga ƙunshi ya zama aikin yau da kullum a kan waya, wayar da a gidaje da yawa uwa ce ke miƙa wa ɗanta don ya bar ta ta yi girki.

A Disambar 1997, lokacin da walƙiyar haske a wani kashi na shirin zanen Pokémon ta kai yara 685 asibiti a Japan, an dakatar da shi wata huɗu, gidajen talabijin kuma suka gindaya sababbin ƙa'idoji. An yi gaggawa ne saboda cutar ta bayyana a jiki a dare guda. Irin wannan gaggawar nake nema a kan ƙunshin da ake sayar wa yaro a rufe: a tilasta buga yawan damar samun kowane kati a fili, a sa iyakar shekaru, a hana cire kuɗi daga wayar iyaye ba tare da izininsu ba. Asusun Saudiyya, wanda yanzu yake cin ribar ɗaya daga cikin manyan wasannin Pokémon, shi ne ya fi cancanta ya fara bayyana wa iyaye matsayinsa a kan hujjar cacar da malaman ƙasarsa suka kafa tun 2001.