A daina kiran Lord Salisbury mai son zaman lafiya

Wanda ya fassara jerin nan na firaministocin Birtaniya da ke yawo a shafuka tun farkon makon nan, har ya rubuta a ƙarƙashin hoton Lord Salisbury cewa dattijo ne mai son zaman lafiya wanda ya hana ƙasashe gwabza yaƙi, ya zalunci masu karatunsa, kuma waɗanda suka bi shi da yabo a ƙasan rubutun sun fi shi ba ni takaici. Na ga sunayen mutanen Katsina da na Maraɗi, na Sakkwato da na Ƙonni, suna jinjina wa wannan mutum, alhali kuwa shi ne ya sa hannu a takardar farko da ta ja layi ta raba su gida biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen Jibiya ko na Illela, rana tana dukansa, yana jiran a duba takardunsa kafin ya wuce ta'aziyyar ƙanwar mahaifiyarsa, ya kamata ya san sunan Salisbury kamar yadda ya san sunan Gwamna Lugga. Mun haddace sunan yaron gida muna ta tsine masa, mun bar maigidan da ya aiko shi har muna sa masa albarka.

Sunansa na yanka Robert Gascoyne-Cecil, an haife shi a 1830 a gidan Hatfield, gidan sarautar gado wanda kakanninsu suka yi wa sarakunan Ingila waziranci tun zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko. Ya shiga majalisar wakilai a 1853 daga mazaɓar Stamford ba tare da hamayya ba, domin kujerar tana hannun danginsa. Da ya auri Georgina Alderson a 1857 ba da son mahaifinsa ba, sai kuɗi suka yi masa ƙaranci, ya koma rubuta sharhi a mujallu don ya ciyar da iyali, kuma a cikin waɗannan rubuce-rubuce ne ya bayyana tsananin ƙin da yake yi wa mulkin talakawa. A 1867 ya ajiye muƙamin minista don kawai gwamnatinsu ta masu ra'ayin riƙau ta yarda a bai wa ƙarin ma'aikatan birane damar jefa ƙuri'a. Mutumin da bai amince talakan Ingila ya zaɓi shugabansa ba, ta yaya za a sa ran zai nemi shawarar Bagobiri ko Bakatsine kafin ya yanka ƙasarsa?

Ya riƙe firaminista sau uku, daga 1885 zuwa 1886, daga 1886 zuwa 1892, sannan daga 1895 zuwa 1902, jimilla fiye da shekara 13, kuma a mafi yawan wannan lokaci shi ne ministan harkokin waje da kansa. Saboda haka babu wanda zai ce mini wasu ne suka yi aika-aikar yana barci. A ranar 5 ga Agusta 1890, a Landan, shi da jakadan Faransa Waddington suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ja layi daga garin Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi, arewa ta zama rabon Faransa, kudu ta zama rabon Ingila, da sharaɗin cewa duk abin da yake mallakar daular Sakkwato ya faɗa ɓangaren Kamfanin Neja, kamfanin cinikin Ingila na George Goldie. A cikin cinikin nan guda Faransa ta amince Ingila ta riƙe Zanzibar, Ingila kuma ta amince Faransa ta riƙe Madagaska. A lokacin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba yana kan gadon mulki, alƙalai suna shari'a, fatake suna fita Kano da turkuɗi da fata suna dawowa da gishirin Bilma, kuma babu wani daga cikinsu da aka sanar cewa an sayar da ƙasar da yake takawa. Hujjar Ingila ita ce wata takarda da kamfanin ya ce wakilinsa Joseph Thomson ya samo a 1885, amma da Bafaranshe Monteil ya ratsa Sakkwato da Kano da Kukawa bayan yarjejeniyar, bai tarar da wata alamar ikon kamfanin ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, shi kansa Salisbury bai ɓoye ba. A cikin watan Agustan nan, a liyafar magajin garin Landan, ya faɗa cikin raha cewa sun shagala da zana layuka a kan taswirar wuraren da ƙafar Bature ba ta taɓa takawa ba, suna yi wa juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna, abin da kawai ya ɗan kawo musu cikas shi ne ba su san ainihin inda duwatsun da kogunan da tafkunan suke ba. Da aka tuhume shi a majalisa cewa ya bar wa Faransa ƙasa mai yawa, sai ya kare kansa da cewa abin da ya ba ta ƙasa ce marar nauyi a bakin manoma, wato hamadar Sahara. A cikin wannan ƙasa da ya raina akwai Damagaram da Agadas da Adar, akwai garuruwa masu ganuwa da sarakuna da malamai. Ku sake karanta maganar tasa a hankali: ya lissafa duwatsu, ya lissafa koguna, ya lissafa tafkuna, amma bai ambaci mutum ko ɗaya ba. Wannan shi ne dattijon da aka fassara mana a matsayin mai son zaman lafiya.

Gaskiya ne ya hana Ingila da Faransa yin yaƙi, kuma gaskiya ne ya lallashi Jamus a 1890 da tsibirin Heligoland. To amma zaman lafiyar wa? Zaman lafiya ne tsakanin masu rabon naman da ba su ne suka yi kiwon dabbar ba. A zamanin mulkinsa aka kama Sarkin Asante Prempeh a 1896 aka kai shi gudun hijira, aka ƙone birnin Benin a 1897 aka kwashe kayan tarihinsa, a shekarar nan kuma sojojin kamfani suka afka wa Bida da Ilori. A ranar 2 ga Satumba 1898, a Omdurman, bindigogin kwamandan Ingila Kitchener suka kashe mutanen Sudan kimanin 10,000 cikin wuni guda, shi kuwa bai rasa ko 50 ba. Gwamnatinsa ce ta kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897 ta damƙa wa Lugga, ita ce ta karɓe iko daga hannun kamfani ranar 1 ga Janairu 1900 ta biya shi diyyar fam 865,000, kuma kafin ya sauka a watan Yulin 1902 an riga an ci Kwantagora da Yola da Bauci. Kano da Sakkwato sun faɗi a 1903 a hannun magajinsa Arthur Balfour, wanda ɗan 'yar'uwarsa ne. Ko a tsakanin fararen fata ma bai tsira ba, domin a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902 'yan Boer, wato Turawan can 'yan asalin Holan, fiye da 26,000, galibinsu mata da yara, sun mutu a sansanonin da sojojinsa suka tsare su, ban da dubban baƙaƙen fata da suka mutu a nasu sansanonin. Idan wannan ne son zaman lafiya, to me za a kira son yaƙi?

Wani ya rubuta mini cewa ai mutumin zamaninsa ne, kada a auna shi da ma'aunin yau. Wannan magana ba ta da ƙarfi, domin mutanen zamaninsa ma sun auna shi. A 1888 ya yi wa Dadabhai Naoroji, ɗan Indiya da ya nemi kujerar majalisa a Landan, ba'a cewa bai ga alamar Turawan Ingila za su zaɓi baƙin mutum ba, aka yi masa ca a jaridu, kuma a 1892 mutanen Finsbury suka zaɓi Naoroji. A 1886 ya kwatanta mutanen Ireland masu neman mulkin kai da ƙabilun da ya ce ba su cancanci a ba su 'yanci ba. A 1898 ya raba al'ummun duniya gida biyu, masu rai da masu mutuwa, ya ce masu rai za su ci gaba da cin ƙasar masu mutuwa. Wannan aƙida ce da ya zauna ya tsara, ya faɗe ta a bainar jama'a, ya kuma yi aiki da ita. Tun yana ministan Ingila mai kula da Indiya a 1866 yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya a Orissa, kuma daga baya shi da bakinsa ya amsa cewa ya yi wata biyu bai ɗauki wani mataki ba. Na yarda wannan amsa laifi ta nuna yana da sauran zuciya, na kuma yarda gwamnatinsa ce ta soke kuɗin makarantar firamare a Ingila a 1891. Sai dai 'ya'yan Ingila ne suka ci wannan alheri, su ya kamata su gode masa.

Wani kuma ya ce ai Katsina da Maraɗi sun daɗe suna yaƙi kafin zuwan Turawa, tun da sarakunan Haɓe suka yi ƙaura bayan jihadi, don haka Salisbury bai raba abin da yake haɗe ba. Babu wanda ya musanta yaƙin Ɗan Baskore, Sarkin Katsinan Maraɗi, amma waccan gaba ce ta mutanen da suka san juna, suna yaƙi suna sulhu, suna auratayya, harshe ɗaya, karatu ɗaya, kuɗin wuri iri ɗaya suke kashewa a kasuwa. Layin Turawa ne ya sa yau ɗan wa yake zuwa lakwal yana koyon Faransanci, ɗan ƙane kuma yana firamare yana koyon Ingilishi, ɗaya yana lissafi da sefa ɗaya da naira. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, wanda ya je bakin iyaka ya ga manyan motoci jere, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu suna kwana, albasa tana ruɓewa a cikin buhu tana ɗiga, tsofaffi kuma suna bin hanyar daji a kan babur don su je jana'izar ɗan'uwa a ƙauyen da ake hango rumbunansa daga wannan ɓangare.

Kuma kada a ɗauka layin 1890 ne ƙarshen abin. A watan Yunin 1898, har yanzu Salisbury yana kan mulki, aka sake zama a Faris aka dasa tsinin abin zana da'ira a kan Sakkwato, aka zagaya mil 100, aka ce nan ne iyaka. Wannan da'ira ta tura Faransawa cikin ƙasar da ba rijiyoyi, kuma rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine da ta fito neman hanyar zuwa Tafkin Chadi ta tsallako layin a 1899, ta ƙone garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ake ba da labarinsa, alhali a takarda garin yana ɓangaren da Ingila ta ce nata ne. Faransa ta ci gaba da ƙorafin rashin hanya mai ruwa tsakanin Kwara da Damagaram har 1904, shekara guda bayan mutuwar Salisbury, lokacin da gwamnatin Balfour ta yarda a matsar da iyakar kudu. Ɗaya daga cikin abubuwan da Faransa ta bayar a madadin haka shi ne haƙƙin da take da shi tun da daɗewa na shanya kifi a gaɓar Newfoundland, can kusa da Kanada. Mutanen Ƙonni da ke yabon Salisbury a ƙasan wancan rubutu su bincika wannan yarjejeniya ta 1904 da ta 1906 da ta biyo bayanta, domin a cikinsu ne aka yanke ƙasar da za su zama 'ya'yanta.