Tumatir Mai Yaji

Bazazzagi ya kai wa Bakano ziyara a lambunsa da ke Kadawa cikin hunturu, ya iske shi tsugune a bakin fangali yana tsinkar attarugu.

BAZAZZAGI: Sannu da aiki, bawana. Wane ne ya ba ka shawarar cusa tumatir da attarugu a fangali ɗaya, har ganyen wannan yana shiga hancin wancan?

BAKANO: Ubangidanka ba ya neman shawara a kan sha'anin riba. Na lura cewa duk matar da ta aika a sayo tumatir sai ta aika a sayo attarugu, shi ya sa na haɗa su maƙwabtaka domin tumatirin ya ɗauki yaji tun daga gona, in kai shi Kwanar Gafan in sayar da kwando ɗaya a kuɗin biyu.

BAZAZZAGI: Da ka tako zuwa Samaru, da ko mai gadin cibiyar binciken aikin gona ya gaya maka cewa tumatir ba ya ɗaukar yaji daga attarugu, ko da za ka ɗaura musu aure da goro da sadaki.

BAKANO: To, me ya sa tattasan da na shuka bara ya fito da yajin da ya sa uwargidana ta yi kwana uku ba ta gaishe ni ba?

BAZAZZAGI: Domin irin da ka ajiye daga wanda ya girma kusa da barkono ka shuka. Su biyun ɗaki ɗaya suka fito, kuma ƙudan zuma yana kwasar garin furen wannan ya kai wa wancan, sai yajin ya bayyana a shuka ta gaba. Tumatir kuwa dangi ne na nesa, irin wanda ba a haɗuwa da shi wurin biki sai wurin jinya, domin farin ƙudan da ke nannaɗe ganyen ɗaya shi ne yake sauka a kan ɗayan, kuma ciwon da ke kwance a ƙasa bai san bambancinsu ba.

BAKANO: Ai da tumatirinmu yana da yaji, da tsutsar sharon ba ta cinye shi a 2016 ba.

BAZAZZAGI: Ka bar wannan mafarki, ka raba musu fangali, ka bar aƙalla kamu guda tsakanin tushe da tushe, domin tumatir yana saurin yaɗo ya tare wa attarugu rana, ya kuma riga shi shanye ruwa. Badi kuma ka sa albasa a nan, ƙasar ta huta da su.

BAKANO: Tun da ka cika malami, ɗanɗana wannan, sannan ka yi fatawa.

Bakano ya tsinko jajayen tumatir, ya tsaga ɗaya da babban yatsansa, ya miƙa masa. Bazazzagi ya jefa a baki, nan take hawaye suka zubo masa.

BAZAZZAGI: Innalillahi! Ruwa, Bakano, ruwa! Wannan ba yajin tumatir ba ne, yajin yatsanka ne, tun asuba kake cakuɗar attarugu ba ka wanke hannu ba!

BAKANO: Ka rubuta wannan bayani ka kai Samaru. Ni dai na ga hawayen shaida, kuma na ɗanɗano naira ɗari ne, ruwan kuma sai mun yi ciniki.