Shinkafa daban, ƙuri'a daban

Duk sanda na ji manyan ƙasashe na cewa agajin da suke kai wa ƙasar da ke hannun 'yan kama-karya shi zai buɗe ƙofar dimokuraɗiyya, sai Myanmar ta faɗo mini a rai.

A farkon Mayun 2008 guguwar Nargis ta afka wa yankin da kogin Irrawaddy ke shiga teku, rumbun shinkafar ƙasar. Mutum kusan 138,000 suka mutu ko suka ɓace. Ruwan gishiri ya cinye gonaki, gawarwakin mutane da na ɓauna suka yi kwanaki suna yawo a kan ruwa. Amma shugaban mulkin sojan ƙasar, Janar Than Shwe, ya hana ma'aikatan agaji na waje biza. Jiragen ruwan yaƙin Amurka da Faransa da Birtaniya suka tsaya a teku maƙare da kayan abinci, ministan harkokin wajen Faransa, Bernard Kouchner, har yana kiran a shigar da agajin ko sojoji sun ƙi. Su kuwa janarorin mamaya suka hango, suka ƙara kafewa. Jiragen nan haka suka juya.

Kun san abin da gwamnati ta sa a gaba a makon? Ƙuri'ar raba-gardama kan tsarin mulkin da ya ware wa sojoji kashi 25 cikin 100 na kujerun majalisa. An yi ta ranar 10 ga Mayu, ana cikin makoki, yankunan da abin ya fi shafa kawai aka ɗage wa. Allah wadai!

Maƙwabta ne suka buɗe ƙofar. Shugaban sakatariyar ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya (ASEAN), Surin Pitsuwan, Musulmi ɗan kudancin Tailan, ya bi da lallami, bai yi wa kowa wa'azin zaɓe ba. Sakatare-janar na Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Ban Ki-moon, ya je Naypyidaw, babban birnin ƙasar, ranar 23 ga Mayu ya zauna da Than Shwe. Aka kafa kwamitin ɓangarori uku, gwamnati da ASEAN da Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan agaji ya fara shiga da gaske. Ni dai ina tare da su. Uwar da ɗanta ke kukan yunwa a Bogale, garin da guguwar ta ɗaiɗaita, ba za ta jira a saki fursunonin siyasa ba, kuma ran biki ba a tambayar wa ya ɗauko tukunya.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira wannan nasarar dimokuraɗiyya. Kwanaki kaɗan bayan zuwan Ban Ki-moon aka tsawaita ɗaurin talalar jagorar 'yan adawa, Aung San Suu Kyi. An ga kwalayen agajin Tailan an manna musu sunayen janarori da manyan baƙaƙe. Zarganar, ɗan barkwancin da ya tara matasa suna kai shinkafa ƙauyuka, kama shi aka yi, aka yanke masa shekara 59.

Sojojin nan dai su suka sake ƙwace mulki ranar 1 ga Fabrairun 2021. ASEAN ta fito da matsaya mai sharuɗɗa biyar a Jakarta, jagoran juyin mulkin, Janar Min Aung Hlaing, ya halarta, ya koma gida ya yi biris da ita. Da girgizar ƙasa ta rusa Mandalay da Sagaing a Maris 2025, wannan karon shi da bakinsa ya roƙi agajin duniya, alhali jiragensa ba su daina ruwan bama-bamai a kan yankunan 'yan adawa ba.