Ba a ƙirga na kurkuku ba

Na karanta labarinku kan yadda samari baƙaƙen fata a Amurka suka fi farare zaman kashe wando, amma kun tsallake babban abu. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar ba ta sa fursunoni cikin lissafinta, alhali a gidajen yari kason baƙaƙe ya zarce kasonsu cikin al'umma nesa ba kusa ba. Giɓin ya fi wanda kuka nuna ke nan. Masu cewa lalaci ne, abin na min ciwo wallahi. Ku duba binciken masaniyar zamantakewa Devah Pager na 2003 kan masu neman aiki a birnin Milwaukee na Amurka: fararen da suka ce sun taɓa zaman kurkuku, kashi 17 cikin ɗari masu ɗaukar aiki suka sake kira, baƙaƙen da ba su da tabon laifi kuwa kashi 14.