Mura a ɗakin tsofaffi ba ta jiran gobe

Da hunturu ya kankama a Kaduna, tari da atishawa sai su cika gari, kowa na cewa "ai mura ce, za ta wuce." Ga saurayi, haka ne. Ga dattijo ɗan shekara 70 mai ciwon suga ko hawan jini, murar nan mai tsanani ta infuluwenza kan gangara huhu ta zama limoniya cikin 'yan kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a faɗin duniya duk shekara.

Gidajen kula da tsofaffi ba su da yawa a nan, amma daga Tudun Wada zuwa Rigasa akwai gidajen da tsofaffi biyu ko uku ke kwana ɗaki ɗaya. Hatsarin duk ɗaya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne jiran zazzaɓi. Sau da yawa jikin tsoho ba ya yin zafi. Sai dai a ga ya ƙi abinci, ya rikice, ko ya faɗi a hanyar banɗaki. Ana cewa tsufa ne, lokaci na ƙurewa, domin maganin infuluwenza mai suna oseltamivir ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48. A Amurka, idan cutar ta ɓarke a gidan tsofaffi, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC na so a ba da maganin har ga waɗanda ba su kamu ba, na aƙalla mako 2. Mu kuwa sai a aika yaro kemis ya sayo amoxicillin, wanda ba ya taɓa ƙwayar mura ko kaɗan.

Sai batun dubiya. Zumunci ne, lada ne, ban musa ba. Amma mutum kan fara yaɗa cutar tun kwana ɗaya kafin ya ji alamarta, jikoki kuma daga makaranta suke kwaso ta. Idan biyu sun kwanta, a ware su, a buɗe tagogi, a taƙaita shiga, mai shiga ya wanke hannu ya sa takunkumi. Gaisuwa ta waya ta wadatar har a samu sauƙi. Mai jinyar da ke tari ma ta zauna a gida, kuma kada a yanke mata albashi, in ba haka ba ɓoyewa za ta yi ta zo aiki.

Allurar rigakafin mura sai ta yi kamar mako 2 kafin ta fara kare jiki, kuma duk shekara ake sabunta ta. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ta samar da ita ga tsofaffi da masu kula da su tun watan Oktoba.