"Jaridar Birtaniya ta ce"... wace jaridar?

Jama'a don Allah mu daina wannan abin na ɗauko hoton kanun labari a watsa a group a rubuta "jaridar Birtaniya ta tabbatar", shikenan magana ta ƙare kowa ya yi shiru. Wace jaridar? Waye mai ita? Ai ba ɗaya suke ba wallahi.

Na san inda abin ya samo asali. Tun 1957 BBC Hausa ke shiga gidajenmu, kakanninmu da ita suka saba, in aka ce London ta faɗa to an gama. Sai muka ɗauki wannan yardar muka raba wa duk wata takarda da aka buga a Ingila, alhali su can tsarin talabijin daban ne tsarin jarida daban.

Talabijin da rediyo doka ce ta ɗaure su. Akwai hukuma Ofcom, ita ke sa ido, kuma sharaɗi ne in kana watsa labarai kada ka karkata ɓangare ɗaya a siyasa. BBC ba ta talla a cikin ƙasar, kuɗin lasisi ne ke riƙe ta, duk gidan da ke kallon talabijin kai tsaye sai ya biya, a 2025 ya kai fam 174.50 a shekara, kuma in ka ƙi biya kana kallo ana iya kai ka kotu. ITV ta zo a 1955 ita da talla take ci. Channel 4 ta 1982 ita kam abin mamaki ce, mallakar gwamnati ce amma ba a ba ta kuɗin lasisi, talla ce abincinta. Sky News ma da Rupert Murdoch ya kafa a 1989 dole ta bi wannan dokar, yanzu ma ta bar hannunsa, kamfanin Comcast na Amurka ya saye Sky tun 2018.

Jarida fa? Babu wannan takunkumin. Ranar zaɓe jarida za ta fito ɓaro-ɓaro a shafin farko ta ce ku zaɓi wane, kuma ba ta yi laifi ba. Daily Mail da Telegraph da Express 'yan mazan jiya suke yi, Mirror Labour take yi tun tale-tale, Guardian masu ra'ayin kawo sauyi take yi. The Sun kuwa inda iska ta kaɗa, ta yi Thatcher ta 'yan mazan jiya, a 1997 ta koma wajen Tony Blair na Labour, daga baya ta sake komawa wajen 'yan mazan jiya, kuma bayan zaɓen 1992 da bakinta ta buga cewa ita ce ta ci zaɓen. Masu su ma sanannu ne, Sun da Times na Murdoch ne, Daily Mail tana hannun iyalin Rothermere tun kafa ta a 1896, Guardian ce ke ƙarƙashin wata amana da ake kira Scott Trust ba attajiri ɗaya ba, ita ma dai tana da nata ra'ayin ba wai waliyyiya ba ce.

Ku 'yan ƙwallo ku kuka fi ba ni haushi, kullum "Sun ta ce" ɗan wasa kaza zai koma kaza. Ku tambayi mutanen Liverpool labarin Sun. A watan Afrilun 1989 aka yi turmutsitsi a filin Hillsborough da ke Sheffield, wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA tsakanin Liverpool da Nottingham Forest, mutum 97 ne suka rasu sanadiyyar abin. Kwana kaɗan Sun ta buga a shafin farko wai ga gaskiya, wai magoya baya sun riƙa lalube aljihun gawarwaki suna yi wa 'yan sanda fitsari. Ƙarya ce tsagwaronta. Iyayen yaran nan suka yi ta fama shekara da shekaru, sai a 2012 jaridar ta nemi afuwa a shafin farko, a 2016 bincike ya tabbatar sakacin 'yan sanda ne kuma magoya baya ba su da laifi. Har gobe akwai shaguna a Liverpool da ba sa ajiye ta, kulob ɗin ma ya hana 'yan jaridarta shiga Anfield a 2017. Wannan ita ce jaridar da wani zai kafa min hujja da ita a Kano.

Ga kuma News of the World, 'yar uwarta ta ranar Lahadi, da aka gano ma'aikatanta na kutse cikin saƙon murya na wayoyin mutane, har da wayar wata yarinya 'yar shekara 13 Milly Dowler da aka sace aka kashe a 2002. Kunya ta sa Murdoch ya rufe ta a Yulin 2011 bayan shekara 168 tana fitowa, tsohon editanta Andy Coulson wanda ya zama mai magana da yawun Firaminista David Cameron ya sha ɗauri. Aka kafa kwamitin Leveson don binciken halayyar jaridu aka yi ta zama, ƙarshe dai jaridun suka kafa tasu hukumar sa ido IPSO a 2014, su ke biyan ta, kamar a ba kura ajiyar nama, Guardian da Financial Times ma ba su shiga ba.

Kar wani ya ce ina wanke BBC fa. Ita ce ta zauna da mai gabatar mata da shiri Jimmy Savile shekaru yana lalata da yara sai bayan mutuwarsa asiri ya tonu a 2012, kuma ITV ce ma ta fallasa. Hirar Gimbiya Diana ta 1995 da takardun banki na bogi ɗan jaridarta Martin Bashir ya samo ta, rahoton 2021 ya tabbatar. Kan Gaza kuwa ɓangarorin biyu duk zaginta suke, ni ma akwai rahotannin da na kalla raina ya ɓaci. Amma ita akwai inda za ka kai ƙararta, shugabanninta sun sha ajiye aiki kan kuskure, mai jarida kuwa waye zai kore shi daga kayansa?

Ita ma dokar talabijin ɗin ta fara lanƙwasa tunda tashar GB News ta zo a 2021, 'yan siyasa masu ci irin su Nigel Farage ke gabatar da shiri, Ofcom na ta jan kunne ana ta ja-in-ja har kotu.

Abin da ya fi ba ni dariya, su da kansu ba sa wasa da batun waye mai jarida. Da wani kamfani mai kuɗin masu mulkin Abu Dhabi ya zo sayen Telegraph majalisa tashi ta yi tsaye, a 2024 aka yi doka ta hana gwamnatin waje mallakar jaridar Birtaniya, cinikin ya wargaje. Alhali Murdoch ɗan Ostareliya ne mai fasfon Amurka, kuma tun 1969 Sun take hannunsa.