Ranar da Perl ta yafe wa Alhaji bashi

A shagon sayar da takin zamani da nake wa aikin kwamfuta, na gaji wata tsohuwar manhaja da aka rubuta da Perl, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, wadda ke buga takardun tunatarwa ga waɗanda ake bi bashi duk ƙarshen wata. Wanda ya rubuta ta ya koyi sana'ar ne a zamanin Perl 4, lokacin da sai an sa alamar & gaban sunan ƙaramin aiki, wato wani sashe na manhaja mai yin aiki guda, kafin a kira shi, kuma ko da yake Perl 5 ta sauke wa mutane wannan nauyi tun 1994, shi bai saki al'adarsa ba.

Da manaja ya ce in ƙara layin da zai riƙa adana tarihin kowace takarda, sai na bi sawun magabata, na kira ƙaramin aikin da ke adanawa ta hanyar rubuta &adana; ba tare da baka biyu, wato (), a bayansa ba. To, idan aka yi kira haka, Perl ba ta buɗe wa wanda aka kira sabon jerin bayanai, sai dai ta miƙa masa @_, wato jerin bayanan da ke hannun mai kiran, su ci a kwano ɗaya. Shi kuwa adana da shift yake farawa, umarnin da ke zare abu na farko daga jeri, don haka ya yi awon gaba da sunan mai bashi, adadin kuɗi ya matso gurbin suna, gurbin kuɗin kuma ya zama wayam. Da akwai use warnings, umarnin da ke sa Perl ta yi gargaɗi, a saman manhajar, da ta yi ƙorafi nan take, amma marubucinta ya ɗauki gargaɗi a matsayin surutu.

Washegari takardu suka fita suna cewa: "Zuwa ga mai girma 45000, muna tunatar da kai cewa ana binka naira." Na mayar da layin adana($suna), na ƙara use strict, mai tsaurara ƙa'idojin rubutu, da use warnings, aikin da bai kai tsawon shan shayi ba.

Sai dai kafin sababbin takardu su fita, wani dattijo ya iso riƙe da tasa, ya durƙusa gaban manaja yana cewa, "Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri, na ga an share." Manaja ya nuna masa teburina, ya ce ga wanda ya yafe, shi zai biya.